Ƙofar Yoila da Ba Ta da Bango

Duk wanda ya zauna a Wulari a shekarun nan ya san Yoila ɗan Malam Dzarma, ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Dogo ne siriri, kullum da jakar kwamfuta a kafaɗa da farar riga mai dogon hannu, a garin da ko ƙadangare ke neman inuwa tun da hantsi. Da safe yakan tsaya bakin titi ya tari keke napep zuwa Gomari. In ka tambayi maƙwabta aikinsa sai su ce maka konsoltan ne, in ka ƙara tambayar me konsoltan ke yi sai su canza magana. Mahaifiyarsa, Mama Rose, kafin ta rasu ta taɓa zaunar da shi ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wato shawara kuke sayarwa. A Maiduguri, inda ko mai shayi zai ba ka ita kyauta har ya ƙara maka?" Daga ranar ba ta sake tambaya ba, ta dai ƙara tsawon addu'ar da take yi masa.

Mahaifinsa kuwa bai taɓa damuwa da me ake yi a aikin ba. Malam Dzarma ya zo Maiduguri daga wajen Biu yana saurayi, ya kama aikin akawu a wata ma'aikatar gwamnati, ya yi ritaya a kan teburin da ya fara, a baranda, tsakanin ƙofar sakatare da ƙofar darakta. Aikinsa gaba ɗaya ƙwanƙwasa ƙofar wasu ne da fayil a hammata, da tsayuwa har sai an ga damar ce masa ya shigo. Ba mai ƙorafi ba ne. Amma ranar da Yoila ya gama jami'a, tsohon ya riƙe hannunsa ya roƙe shi abu guda. "Ba na neman mota, ba na neman gida. Ka kai ni wata rana in karanta sunanka a jikin ƙofa da idona. Shi ke nan abin da nake so."

Yoila ya yi alkawari da sauƙi, don a ganinsa ƙaramin abu ne. Lokacin bai san kamfanin Alhaji Umara ba tukuna.

Alhaji Umara tsohon ma'aikacin banki ne, Babarbare mai yawan fara'a da hula mai tsada. Da ƙungiyoyin agaji suka cika garin, kowa ya shiga neman wanda zai rubuta masa rahoto, sai ya tafi Legas ya yi kwas na ɗan lokaci, ya dawo ya buɗe kamfanin ba da shawara kan tafiyar da ma'aikatu. Abu biyu ya taho da su daga can, kuma ya riƙe su kamar gadon iyaye. Na farko matakan girma: sabon shiga ya fara da mai nazari, ya zama ƙaramin mashawarci, sai babban mashawarci, sai manaja, sai darakta. Na biyu doka ce da yake kira hawa ko fita. Duk shekara biyu a duba ma'aikaci, ko a ɗaga shi ko ya kama gabansa.

Akwai kuma abu na uku da ba a koya masa a kwas ba, da idonsa ya gani. A manyan kamfanonin Legas duk wanda ya hau mataki yana da ƙofa mai sunansa. To shi Alhaji falo ɗaya ya kama haya a Gomari, babba dai, amma ɗaya, kuma mai gidan ya rantse ba za a gina masa bango a ciki ba. Alhaji ya yi tunani ya ga mai gida bango ya hana, bai ce komai a kan ƙofa ba. Sai ya kira kafinta ya haɗa ƙofofi masu firam da ƙafafu, kowace tana tsaye da kanta. Duk wanda aka ɗaga, a kafa masa tasa a gaban teburinsa, a rubuta sunansa da fenti. Hagu fili, dama fili, baya fili, amma gaba akwai ƙofa, kuma babban laifi a kamfanin shi ne a zagaye ta. Ko kana kallon mutum ido cikin ido yana cin gyaɗa, sai ka ƙwanƙwasa, ka jira ya haɗiye ya ce ka shigo.

Dokar hawa ko fita ta yi kyau a Legas, amma a Maiduguri ta gamu da matsala. Alhaji Umara ba ya iya korar kowa. Mikail ɗan yayarsa ne. Elnathan ɗan malamin da ya koya masa lissafi a firamare ne. Hajiya Ammatullahi gidansu na kallon nasa, in ya kore ta da wane ido zai wuce ƙofarsu da safe? Tun da fita ba ta yiwuwa, sai kowa ya hau. Kafin Yoila ya zo, falon ya cika da ƙofofi kamar shagon kafinta, duk daraktoci da manajoji, babu ko mutum ɗaya da matsayinsa ya yarda ya taɓa aiki. Ga shi ofishin na kusa da filin jirgi, duk lokacin da jirgi ya tashi sai ƙofofin su ɗauki rawa, kowane darakta ya miƙa hannu ya dafe tasa ba tare da ya ɗaga kai daga waya ba.

An ba Yoila tebur a bakin shiga, kusa da firinta. Aikin kuwa ya iya shi, har yana jin daɗinsa. Yakan je wurin ƙungiyar masu busasshen kifi a hanyar Baga, ko wata makarantar kuɗi, ko masu injin casar shinkafa, ya zauna ya tambaye su me ke damunsu. Su faɗa masa. Ya dawo ya zuba abin da suka faɗa cikin akwatuna masu launi, ya haɗa su da kibiyoyi, ya mayar musu. Su kuma su karanta su jinjina kai su ce lallai yaron nan ya gano matsalarsu. Kafin rahoton ya fita sai ya bi ƙofa-ƙofa da shi. Mikail ya ce a mai da shuɗin akwati kore, Elnathan ya ce a mai da shi shuɗi, Hajiya Ammatullahi ta ce a ƙara kibiya. Har gaɓoɓin yatsunsa na dama suka yi kanta saboda ƙwanƙwasa.

Da shekara biyu ta cika, ya goge takalmi, ya ƙwanƙwasa babbar ƙofar Alhaji, ta maɗaci, mai hannun tagulla.

"Wushe, wushe, ɗana, zauna," in ji Alhaji, yana yi masa sannu da Barbarci. "Na duba aikinka, babu na biyunka. Shi ya sa nake cikin damuwa. In na ɗaga ka, wa zai yi aikin? In na bar ka a inda kake, na karya doka. Saboda haka ranar Alhamis za ka fita."

"Ranka ya daɗe, fita?"

"Fita. Amma ranar Litinin muna ɗaukar sabon ma'aikaci. Ka nema. Ina ganin kana da dama, tun da ka san aikin."

Haka aka yi. Yoila da kansa ya buga takardar sallamarsa, don babu mai bugawa sai shi. Ranar Litinin daraktoci suka yi masa intabiyu, Mikail ya tambaye shi sunansa, Elnathan ya tambaye shi inda yake ganin kansa nan da shekara biyar. Ya ci. Aka yi masa liyafar maraba da soyayyar fara da zoɓo mai sanyi, sannan aka shirya masa bitar sababbin ma'aikata. Da yake gabatar da bitar aikin mai nazari ne, shi ya tsaya gaban allo ya yi wa kujerarsa bayanin matakan girma, ya tambaya ko akwai mai tambaya, ya koma ya zauna ya ce babu.

Sau uku ana yi masa haka. Ya zama sabon shiga mafi daɗewa a tarihin kamfanin, furfura ta fara leƙo masa a gefen kunne ana kiransa yaron nan. A gida kuwa in Malam Dzarma ya tambaya, sai ya ce, "Saura kaɗan, Baba. Sun ce babu na biyuna." Tsohon ya yi murmushi ya ce ai ya sani.

Sai idon tsohon ya fara ja baya. Da farko Littafi Mai Tsarki ne ya koma yana matso da shi har hanci. Daga baya ya fara karo da bokiti a tsakar gida yana ɗora wa jikoki laifi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage kuma magani jinkirta shi kawai zai yi. A hanyar dawowa daga asibiti, cikin keke napep, Malam Dzarma bai ce komai a kan cutar ba. Allunan shaguna yake karantawa da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gagare shi sai ya yi shiru ya jira na gaba. Tsoro ya kama Yoila irin wanda bai taɓa ji ba.

Washegari ya ƙwanƙwasa ƙofar maɗaci ya faɗi komai. Alhaji Umara ba mugu ba ne, har ya cire tabarau ya share ido. Amma ya ce doka a fili take: ba a ɗaga mutum sai ya miƙa aikinsa ga wani sabo, kuma sabon ya cika wata shida na gwaji. Yoila ya san wannan rami. An sha ɗauko sababbi, yana koya musu aiki, da sun iya sai wata ƙungiyar agaji ta zo da farar mota ta kwashe su.

Wadda aka samu a wannan karon sunanta Muhsinat, 'yar wani mai sayar da atamfa a Old Maiduguri. Gajera ce, mai kaifin kai, ba ta da haƙurin shirme. Ranar farko aka ba ta takarda ta kai wa Mikail, sai kawai ta bi ta gefen ƙofarsa ta ajiye masa a tebur. Falon ya yi tsit.

"Ta ina kika shigo?" in ji Mikail.

"Ta nan, yallaɓai."

"Nan bango ne."

"Ban ga bango ba."

"To akwai shi."

"In akwai shi, ta yaya na wuce?"

Sai Mikail ya kira taron daraktoci. Taron ya ci rabin yini, saboda sai da kowa ya ƙwanƙwasa wa kowa. Aka yanke cewa yarinya ta ratsa bango a gaban shaidu, in ta sake za a sallame ta, kuma ita sallamarta ba mai dawowa ranar Litinin ba ce, tun da ba 'yar kowa ba ce.

Da aka tashi cin abinci Yoila ya same ta a gindin bishiyar dogon yaro, wajen mai fara. Ta riga shi magana. "Malam Yoila, kai fa na ga kana da hankali. Yaya mutum da digirinsa zai tsaya yana buga katako alhali yana ganin wanda ke bayansa yana sakace?"

Yoila bai kare ƙofofin ba, don ba su da abin karewa. Ya dai ba ta labarin barandar mahaifinsa, da alkawarin, da allunan shaguna. Ya ce, "In kika tafi, sai a sake neman wani, a sake lissafi daga farko. Idonsa ba zai jira ba. Ba na ce miki abin yana da ma'ana ba. Roƙonki nake yi."

Ta ci gaba da cire ƙafafun fara. Amma da aka koma ciki ta tsaya gaban ƙofar Mikail ta ƙwanƙwasa da ƙarfin da sai da ya dafe ta kamar jirgi ne ya tashi. Daga ranar ta zama mai bin doka fiye da masu dokar. Ta ƙwanƙwasa in za ta shiga, ta ƙwanƙwasa in za ta fita, ta ƙwanƙwasa don ta tambaya ko ta dame su da ƙwanƙwasawa. Farar mota ta zo nemanta a wata na huɗu, ta ce su dawo bayan Kirsimeti.

Yoila ya roƙi Alhaji ya rage watannin, Alhaji ya ce da zai iya da ya yi, amma haka aka koya musu a Legas. Da damina Malam Dzarma yana gane fuska in an matso. Da kaka sai inuwar mutum. Kafin a fara atisayen waƙoƙin Kirsimeti a coci, haske da duhu kaɗai suka rage masa, daga baya su ma suka haɗe. Ranar da kafinta ya kawo ƙofar, mai fenti ya rubuta Y. Dzarma, Ƙaramin Mashawarci, Yoila ya tsaya yana kallonta, bai ji komai ba sai haushi. Ya ji haushin Alhaji, da Legas, da kansa. A ƙarƙashin haushin kuma akwai wani abu da ya fi ba shi kunya: wani ɓangare na zuciyarsa ya ji sauƙi cewa tsohon ba zai ga irin ƙofar da ɗansa ya ɓata ƙuruciyarsa a kai ba.

Ya so ya bar maganar ta mutu, amma Malam Dzarma ya ji labari a bakin jikoki. Ranar Talata da safe Yoila ya fito ya tarar da shi zaune da kwat ɗin da ya yi ritaya da ita, da sanda a hannu. "Ka ce za ka kai ni," in ji shi.

A ofis Yoila ya ja shi har gaban ƙofarsa. Tsohon ya shafa katakon sama da ƙasa. Hannu ba ya jin fenti, don haka ya ce, "Ina sunan?" Yoila ya kama yatsansa ya bi da shi harafi bayan harafi yana faɗa masa. Da suka kai ƙarshen Dzarma tsohon ya tsaya. "Ashe har da nawa," in ji shi. Sannan ya murɗa hannun ƙofar ya shiga, ya ce, "Rufe mana, ba na son a ji mu."

Yoila ya rufe. Duk falon na kallonsu. Mikail ya tsaya da gyaɗa a baki, Hajiya Ammatullahi ta kashe wayarta, Alhaji Umara ya ɗora yatsa a leɓe.

"Ofishin da faɗi, ina jin iska," in ji Malam Dzarma. "Bari in ji girmansa." Ya miƙa hannun hagu ya fara takawa a hankali yana neman bango.

Muhsinat ce ta fara motsi. Ta zare takalmanta, ta je ta kama ƙofar maɗaci ta gefe guda tana kallon Alhaji. Alhaji ya dube ta, ya dubi tsohon, ya zare nasa takalman ya kama ɗaya gefen. Suka ɗauko ta a kan yatsun ƙafa suka dasa ta daidai inda hannun ke tafiya, tafin Malam Dzarma ya sauka a kan katako. Ganin haka Mikail ya rungumo tasa, Elnathan ya jawo tasa, Hajiya ta sa manajoji biyu suka ɗauko tata. Tsohon na zagayawa, bango na riga shi isa. Kafin ya gama zagaye an kewaye teburin Yoila ta ko'ina, daraktoci na waje sun tokare ƙofofin da kafaɗa suna haɗa gumi. Wannan ne ofis na farko mai bango huɗu da aka taɓa yi a kamfanin.

"Bangon katako," in ji tsohon. "Sun ji da kai." Sai hannunsa ya faɗa kan hannun tagulla. "Wannan fa?"

"Ƙofar Alhaji ce, Baba. Mai kamfanin."

"Ofishinka na manne da na mai kamfani? To ka yi nisa, ɗana."

Ya laluba ya sami kujerar Yoila, ya tsaya yana shafa bayanta. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, amma babu wanda bai ji ba. "Akwai abin da zan roƙe ka, kar ka yi mini dariya. Ni tunda nake ban taɓa ce wa kowa ya shigo ba. Ka ba ni aron kujerar nan. Ka fita ka ƙwanƙwasa."

Yoila ya zaunar da shi, ya gyara masa kwat, ya jingina sandar a tebur. Ya fita ya ja ƙofar. A waje ya tarar da shugabanninsa babu takalmi, kowa ya manne da katako, hular Alhaji ta karkace. Jirgi ya taso daga filin, ƙofofin suka fara rawa, suka ƙara dannewa. Yoila ya jira ƙarar ta wuce, ya ɗaga yatsunsa masu kanta ya ƙwanƙwasa.

"Wane ne?" in ji muryar daga ciki, da wani kauri da Yoila bai san mahaifinsa na da shi ba.

"Yoila ne, ranka ya daɗe."

"Jira tukuna. Ina aiki."

Yoila ya jira. Gumi na ɗiga daga haɓar Alhaji, amma babu wanda ya saki, babu wanda ya dubi agogo. Daga ciki suka ji kujera ta juya hagu, ta juya dama. Suka ji an ja aljihun tebur an rufe. Can sai ƙarar tsoho yana fyace hanci a hankici. Muhsinat ta juyar da fuskarta gefe.

Sannan Malam Dzarma ya gyara murya ya ce, "Shigo."